Rabin Wasan Saratu a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Malama Hajara, wai garin yaya kuka baro musu kofin?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara gishiri a bakin mutane. Wasu na cewa cutarmu aka yi, wasu na cewa kilishi yaran suka ci ya yi musu nauyi. To ga yadda abin ya kasance, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa wannan in huta.

Ni nake koyar da motsa jiki a kwalejinmu ta nan Daura, ni kuma nake horar da 'yan matan ƙwallon kwando. Bara aka ƙirƙiro wata gasa tsakanin kwalejoji huɗu, biyu a ɓangarenmu, biyu a tsallaken iyaka, ana yi karɓa-karɓa. Mu muka fara karɓar baƙi, mu kuma muka cinye. Filinmu yana cikin sashen kwanan ɗalibai mata, katanga ta kewaye shi, namiji ko da saƙo ya zo a ƙofa yake tsayawa. Haka muka saba, har ban taɓa lissafa shi cikin dokoki ba, kamar dai yadda mutum ke cire takalmi a ƙofar ɗaki ba tare da an gaya masa ba.

Ƙarfin ƙungiyar tawa yarinya ɗaya ce, Saratu. Doguwa ce, ba ta da surutu, in ta ɗaga hannu a gindin kwando sai dai ka fara ƙirga maki. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makaranta, wato wannan gasar ita ce ta bankwana. Mahaifinta, Malam Sabi'u, tela ne a cikin tsohon gari, shi ne ma yake ɗinka mana dogayen wanduna da ƙananan hijaban da yaran ke wasa da su. Da na je neman izinin tafiya da ita, ko ɗago kai bai yi daga keken ba.

"Malama, ban hana ba," ya ce. "Sharaɗina dai na nan inda yake tun farko. Kada ta yi tsalle-tsalle da guje-guje a gaban maza."

"Haba Malam, wasan mata ne fa. Ina maza za su fito?"

"Ba ke nake so ki faɗa ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Saratu?"

"Na yi alkawari, Baba."

Muka fito ina ma ganin ya cika tsanani a kan abin da ba zai faru ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in buga waya in tambayi yadda filin mutanen yake ba.

Da hantsi muka kama hanya a motar makaranta, direbanmu Ɗanlami yana ta cika baki wai ya san Damagaram kamar tafin hannunsa. Daga baya ya bayyana cewa iyakarsa Kongolam da ke bakin boda, can ma sayen shinkafa ne ya taɓa kai shi. Muka wuce Mai'adua yaran na ta waƙa, Jummai ce ke ba da baiti. Jummai gajera ce mai bakin tsiya, wasanta tsaka-tsaki, amma in ba ta cikin mota tafiya ba ta yin daɗi.

A iyaka ba mu sha wahala ba, takardunmu a kammale suke. Sai dai wani jami'i ya leƙa bayan mota ya ga ragar ƙwallayenmu, ya ce a sace iskar a ga ko akwai wani abu a ciki. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba. Aka sace, aka matsa, aka girgiza, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sai da muka yi nisa na ce a ɗauko famfo, aka shiga kallon-kallo. Famfon yana nan Daura a kan teburina, inda na ajiye shi don kada in manta.

A Matamaye muka tsaya wajen wani mai faci. Bawan Allah ya ɗauki ƙwallon nan kamar tayar babur ya ɗura mata iska har ta yi tauri kamar goruba. Jummai ta buga ta da ƙasa don gwaji, ƙwallo ta tashi ta dira cikin tiren wata mai gyaɗa. Nan muka sha faɗa da Hausar da saboda sauri rabinta ba mu gane ba, muka ba da haƙuri da tamu, aka rabu ana dariya. A nan yaran suka fara ganin burodin can, dogo siriri kamar muciya, ana rataye shi a hammata a wuce. Jummai ta ce wannan ai in miji ya yi laifi ba sai an nemi sanda ba.

Damagaram gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar unguwanni, ba ni da abin da zan ƙara a kan haka. Mun isa da tsakar rana muka tarar gari ya yi tsit, shaguna a rufe. Ɗanlami ya ce lallai wani babba ne ya rasu. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take kowa sai ya tafi gida ya miƙe, sai la'asar a sake buɗewa. Ni dai wannan al'adar da za a kawo mana ita Daura ba zan yi gardama ba.

Masauki kuwa ba mu da abin cewa. Ɗakin kwanan ɗalibai aka share mana, katifu sababbi, randa cike da ruwa. Aka kawo dambu da zogale, su kopto suke ce masa, aka kawo kilishi, aka kawo fura mai kauri. Shayi kuma ba irin namu ba ne na madara a babban kofi. Ɗan mitsitsin kofi ne, sau uku ake zagayowa, na farko da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin kunya. Hausarsu tamu ce, sai dai makaranta lakwal suke ce mata, kuma in lissafi ya zo sai su koma Faransanci su bar ka a tsaye.

Wanda ya tarbe mu shi ne mai horar da yaransu, Malam Isuhu, wani kakkauran mutum mai gashin baki, usur a wuya ko da yaushe, sai ka ce da shi aka haife shi. Na san shi tun bara da ya kawo yaransa Daura. Ya yi ta haba-haba da mu, yana cewa, "Malama, nan gidanku ne." Da la'asar ya ce mu zo mu ga fili, don a ranar za a yi wasan farko.

Tun daga nesa na ji kiɗan kalangu, na ɗauka biki ake a unguwar. Muna shiga ƙofa na tsaya cak. Fili ne mai kyau, siminti sumul, doguwar katanga, ƙofa ɗaya. Amma benayen kallon nan cike suke da maza. Tsofaffi da carbi, samari da wayoyi a sama, makaɗa a gaba, har da mai sayar da rake. Mata ma akwai, suna gefe guda suna guɗa. Na juya na kalli Saratu, ita ma ni take kallo.

Ta zura babban hijabinta a kan kayan wasa, ta je ta zauna a benci. Haka muka buga da ɗaya kwalejin ta can ba tare da ita ba, muka sha da ƙyar, don su ma ba wani iyawa suka yi ba. Masu masaukinmu kuwa suka yi wa 'yan uwanmu na wannan ɓangaren kaca-kaca. Wasan ƙarshe ya zama tsakaninmu da su washegari, kuma ko makaho ya san in babu Saratu ba mu da ta cewa.

Bayan magariba na sami Malam Isuhu a tsakar makaranta ana dafa shayin nan nasu, kyaftin ɗin yaransa tana zaune a gefe, wata siririya mai ido a tsaye, Ramatu. Raina a ɓace yake, ban tsaya kwana-kwana ba. Na ce wannan ba adalci ba ne, an gayyato mu wasan mata an tara mana maza, yarinyata mafi iyawa ta koma 'yar kallo. Ya bari sai da na gama tas, ya miƙo mini kofi.

"Malama, kin tuna inda na zauna bara?"

Na ce ban tuna ba, kuma gaskiyata ke nan, ina can ciki ina fama da yara.

"Gindin dalbejiya, a ƙofar makarantarku. Ni da makaɗana da muka ɗauko tun daga nan. Ina jin ihu daga ciki, ban san na murna ba ne ko na kuka. Duk matar da ta fito sai in tare ta in ce, baiwar Allah, su wa ke gaba? Yarana suna ciki babu mai ce musu ku matsa ko ku ja baya. Alƙaliyar wasan kuma wace ce?"

"Malama Asabe ce, kuma mace ce mai gaskiya."

"Ban musa ba. Ita ce dai na gani kuna cin tuwo kwano ɗaya."

"Mu ba don mu cuce ku muka rufe ƙofa ba. Al'adarmu ce."

"To mu ma ba don mu cuce ku muka buɗe ba," ya ce. "Iyayen yaran nan ne a benen can. Wani tun daga ƙauye ya zo ya ga 'yarsa. In ce masa ya koma?"

Har yau ban yarda mun yi laifi bara ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma na gane cewa abin da nake kira yadda ake yi, shi a wurinsa yadda Daurawa ke yi ne, kuma ya kwana da shi shekara guda.

Ramatu ce ta sa baki. Ta ce, "Malam, ni fa ba na son kofin da za a je Daura ana cewa don doguwar ba ta buga ba ne. Bara ita ta hana ni barci. A bar ni da ita."

Malam Isuhu ya harare ta, ya shafa gashin baki, ya yi ta juya kofi a hannu. Ba tausayi ne ya kama shi ba, kada ma wani ya ba shi wannan ladan, maganar Daura ce ta tsaya masa a wuya. Can ya ce a raba wasan biyu. Rabin farko a rufe ƙofa, mata zalla, shi ma zai fita. Rabi na biyu a buɗe kowa ya shigo. Amma da sharaɗi, baɗi in sun zo Daura mu ma mu buɗe musu tamu ƙofar rabin wasa, shi da makaɗansa. Na ce wannan ya fi ƙarfina, sai dai in kai maganar gaba. Ya ce in kai, ya yarda da bakina. Alƙaliya kuma mace ɗaya gare su a garin, Madam Hawwa. Sai da na amince sannan Ramatu ta ce, tana murmushi, gwaggonta ce.

Da na gaya wa Saratu, sai ta ce, "Rabi ma ai wasa ne, Malama." Ta ɗauki takalmanta ta shiga goge su.

Washegari da la'asar aka yi abin da mutanen unguwar suka ce ba su taɓa gani ba. Malam Isuhu da kansa ya tsaya a ƙofa yana ba maza haƙuri, ana ta gunaguni, wani tsoho yana cewa su Najeriya komai sai sun zo da sabon salo. Da ya gama fitar da su, ya fita ya ja ƙofar a kan kansa. Mutum a garinsu, a filinsa, ya koma gindin katanga shi da mai rake. Wallahi sai da na ji wani iri.

Saratu ta cire babban hijabi ta shiga. Na shekara uku ina horar da yarinyar nan, ban taɓa ganin ta yi wasa irin na ranar ba. Ramatu ta manne mata kamar ƙaya, ta bi ta dama ta bi ta hagu, amma ina! Sai Saratu ta yi kamar za ta miƙa wa Jummai, ta juya ta saka. Matan Damagaram da suka zo yi wa nasu guɗa suka manta suka yi mata. Madam Hawwa ta busa mana laifi sau biyu a inda ni ban ga laifi ba, na yi magana, ta amsa mini da Faransanci, na ce Allah ya isa da Hausa, aka ci gaba. Ta bayan katanga muna jiyo muryar Malam Isuhu yana rantsuwa yana tambayar su wa ke gaba. Aka tafi hutu muna gaba da maki goma sha ɗaya.

Aka buɗe ƙofa. Kafin mutum na farko ya shigo Saratu ta riga ta zura hijabinta ta zauna a benci, gumi na bin fuskarta. Maza suka cika benaye, kalangu ya ɗauka, makaɗan suna kiran sunan kowace yarinya tasu da na ubanta da na kakanta. Yaranmu ba su taɓa wasa cikin irin wannan hayaniya ba. Ina ihu ba sa jina, wadda ta saba jefawa ido rufe sai ta jefa ta kuskure. Jummai ta miƙa wa Ramatu ƙwallo hannu da hannu, sai ka ce aikenta aka yi. Makin nan namu ya dinga zagwanyewa muna kallo.

Ana saura kaɗan a tashi suka kamo mu. Na nemi a tsaya, yaran suka kewaye ni suna haki. Jummai ta durƙusa a gaban Saratu ta riƙe gwiwoyinta.

"Don girman Allah ki shigo. Jifa biyu kawai. Wa zai kai labari Daura? Mu dai ba mu gani ba."

Sauran suka ce ba su gani ba. Ni ce babba a wurin, ni ya kamata in tsawatar, amma na yi shiru, don a raina ina so ta shiga. Saratu ta kai hannu wuyan hijabinta ta riƙe. Ta kalli kwandon, ta kalli benen. Sai ta sauke hannun, ta tura duka biyun ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

"Ni ai na gani," ta ce. "Ku je ku ƙarasa."

Suka je suka ƙarasa. Ramatu ta saka ta ƙarshe ana busa usur, suka cinye mu da kwando ɗaya. Filin ya kaure, aka ɗaga Malam Isuhu sama duk nauyinsa. Ramatu ta ratso cikin mutane ta zo ta rungume Saratu, ta ce rabin farko naku ne, kowa ya sani. Saratu ta yi mata barka, idonta a bushe. Sai a mota, bayan mun wuce Matamaye, na ga ta juya fuska wajen taga kafaɗunta na motsi. Jummai ma ranar ba ta yi waƙa ba.

To masu tambaya ko an cuce mu, ga amsata. Ba a cuce mu ba, an dai yi mana abin da gida ke yi wa baƙo, har ma an rage mana rabi. Maganar buɗe tamu ƙofar baɗi kuwa na kai ta gaba kamar yadda na ce, an ce za a duba, kun kuma san ma'anar za a duba.

Da muka iso Daura ni na raka Saratu har gida. Muka sami Malam Sabi'u a shago yana yanka yadi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya ce, "Alkawarin fa?"

"Yana nan, Baba."

Ya ce madalla, ta shige cikin gida. Na zauna na ba shi labari tun daga ƙofar filin har zuwa zaman da ta yi a kan hannuwanta, ban rage komai ba, har shirun da na yi. Na zaci zai yi faɗa ko ya yi alfahari. Bai yi ko ɗaya ba, ya dai daina yankan.

"Kika ce iyayensu maza ne a benen?"

"Su ne, Malam."

"Kowa yana kallon tasa."

"Haka ne."

Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar abin kunya, "Malama, wai da gaske ta iya?"

Sai a lokacin na tuna. Shekara uku yana ɗinka mata wandon wasa, ya san tsawon ƙafarta da faɗin kafaɗarta, amma katangar nan tamu da ta tsare masa 'ya ta tsare shi shi ma a waje. Bai taɓa ganin ta riƙe ƙwallo ba, ga shi kuma ta gama. Tausayinsa ya kama ni, na ce masa ban taɓa horar da kamarta ba, kuma ba na jin zan sake.

"Da wane hannu take jefawa?"

"Da hagu."

Ya sunkuya ya kalli almakashin da ke hannunsa na hagu. Ya ce, "To." Ya jawo yadin ya ci gaba da yanka, na yi masa sallama na fito.

Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyar Damagaram. Wanda bai ƙoshi ba ya je ya tambayi Ɗanlami, shi yanzu ya san garin kamar tafin hannunsa.